Kafin Ka Sauya wa Fili Aiki: Shawarwari ga Magidanta

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya ga fili ya sauya aiki a kan idonsa. Inda ake kiwo ya zama gona, gonar an yanka ta fuloti, kududdufin da yara ke kamun tarwaɗa an cike shi da shara an jera shaguna a kai. Ba a ga laifin kowa ba: jama'a ta yawaita, kowa yana neman inda zai noma da inda zai kwana. Sai dai ƙasar tamu, tun daga Sakkwato da Katsina har Gashuwa, da Maraɗi da Damagaram, ba ta da juriyar ƙasar kurmi. Ruwan shekara guda cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba, sauran watannin kuwa rana da iska ke mulki. A irin wannan wuri babu filin da yake zaune haka kawai. Ko ba kowa a kansa, yana shanye ruwa, ko yana tare iska, ko yana ba garke hanya. Ranar da aka raba shi da wannan aiki, ruwan da iskar da shanun wani wuri za su nufa, kuma sau da yawa gidan wanda ya sauya filin shi ne mafi kusa. Ga abin da magidanci zai iya yi da hannunsa, ba sai ya jira gwamnati ba.

1. Kada ka sayi fili da rani. A watan Maris kowane fili busasshe ne, dillali kuwa zai rantse maka ko ɗigon ruwa ba ya kwana a wurin. Ka ce masa Allah ya kai mu Agusta. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka sammaka ka je kai kaɗai. In cinikin ba zai jira ba, to ka duba gindin katangar maƙwabta. Idan ka ga wani duhu ya bi ta a miƙe, ko siminti yana ɓarewa da farin gishiri daga ƙasa zuwa gwiwa, iyakar ruwan bara ke nan. Baƙar laka mai tsattsagewa da rani, da ɓawon dodon-koɗi a cikin ƙura, da jema ko kachala a gefe, duk shaidu ne. Sannan ka nemi wani dattijo wanda ba shi da la'ada a cinikin, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, da can me ake yi a nan?" In ya ce shinkafa ake nomawa, ko nan suke su da ƙuruciya, ka mai da kuɗinka aljihu.

Akwai dalilin da ya sa unguwanni da yawa suke zaune a kan hanyar ruwa. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun ƙafar da ƙoramu da tafkuna masu yawa, har mutane suka saba ganinsu a bushe, aka raba su aka gina. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, kuma yanzu yakan zo da fushi, na makonni ya zuba a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara talatin bayan irin wannan ta faru a 1994. A Mayun 2025 kuma Mokwa ta rasa mutum sama da 150 a safiya ɗaya. Wanda ya riga ya gina a kwari, abin da ya rage masa shi ne ya ɗaga dokin ƙofa, ya saurari hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara, ya ƙulle takardun gida da na makarantar yara a leda ya rataye su sama, kuma tun kafin damina iyalinsa su san gidan wa za su nufa in ruwa ya shigo da dare.

2. Kududdufin unguwa ba juji ba ne. A tsohon birnin Kano, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, kuma su ke karɓar ruwan unguwanni in an yi mamako. Da aka yi ta cike su ana gini, sai ruwan ya koma kwana a lunguna da zauruka. In ka ji ana shirin sayar da na unguwarku, ku tara kanku ku je wurin mai unguwa tun ba a kafa harsashi ba, don in bulo ya hau, magana ta ƙare. Sauro da wari da haɗarin faɗawar yara gaskiya ne, amma maganinsu yashewa da katangewa da hana zuba shara.

A cikin gida ma haka. Yayin da ake yi yanzu shi ne a malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango. Ka yi lissafi: ruwa milimita 50 in ya sauka a kan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, lita 5,000 ke nan, wato duro ashirin da biyar, a ruwa ɗaya. In babu ƙasar da za ta sha, duk titi zai fita, ya haɗu da na maƙwabci, ya sauka kan wanda ke gangare. Ka bar wani ɓangare ba daɓe, ka dasa zogale ko lemo a wurin, ka sa tanki ko randa a ƙarƙashin indararo. Lambatun ƙofar gidanka kuma ka yashe shi a watan Mayu, ba ranar da ya toshe ba.

3. In za ka yi sassabe, kada ka tone kututture. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace sauƙi a cikin jerin nan, kuma ita ce aka fi ganin amfaninta. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, dashen kuwa mutuwa yake yi, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye sauran. Sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, tohon itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Abin da ake bukata kawai a bar su su tashi. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi abin, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan biyar a Nijar. Babu shirin dashen gwamnati a yankin Sahel da ya kama ƙafar wannan, alhali kayan aikinsa wuƙa ce da gatari.

Yadda ake yi: ka tsaya kan kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko aduwa, za ka ga toho kamar goma ko fiye sun fito sun cunkushe. Ka zaɓi uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, da kaifaffen ƙarfe, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki, mai neman itace ya san da mai shi. Bayan wata biyu ko uku ka dawo ka cire sabon tohon da ya sake fitowa. Shekara mai zuwa kana iya sare ɗaya daga cikinsu ka kai wa uwargida, sauran su ci gaba da girma. Ka fara da kututture kamar ashirin zuwa arba'in a hekta, ka ga yadda gonarka ta karɓa.

Za a ce maka inuwa tana hana gero, itace kuma yana tara tsuntsu. Akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ake rage rassa, kuma ba kowane iri ake bari da yawa ba. Amma gawo ya fita daban: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ya ba ta taki, da rani kuma ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da tumaki lokacin da babu komai a daji. Duk manomin da ya lura ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili. Ni a ganina wanda ya sare gawo don tarakta ta samu wucewa ya yi cinikin asara, ko da ya girbe da wuri a shekarar.

4. Kada ka kwashe kara kaf, kada kuma ka cinna masa wuta. Na san kara kuɗi ne: abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne. Amma gonar jigawa da aka bari tsirara daga Nuwamba zuwa Mayu, iskar hunturu ke kwashe samanta, wanda shi ne mai albarkar, sannan guguwar farkon damina ta zo ta binne sabuwar shuka da yashi, a sake neman iri. Ka kwantar da ko kashi ɗaya cikin uku a gonar, musamman ta gefen da iska ke shigowa. Gara za ta ci, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga. In kana da hali ka bar jerin gamba a kan iyaka, ko ka dasa dogon yaro. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, jerin dogon yaron da aka fara dasawa a 1975 don tare iska ya ƙara amfanin gonakin da ke bayansa, ya kuma ba mutane itacen gini.

5. Fako bai mutu ba. Wurin da ƙasa ta daskare, ruwa ke gudu a kai ba ya shiga, ana iya dawo da shi da tassa. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin kowanne kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, zurfi kamar taƙi guda, tsakaninsu taku ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta gefen gangare don ta tare ruwa, ka zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a ramin. In ruwa ya sauka ka shuka gero ko dawa a ciki. Inda gangaren ya fi faɗi, rabin wata ake yi, bakinsa yana kallon inda ruwan ke fitowa. Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da irin waɗannan ramuka ya mai da fako daji. Manoman Illela a Nijar suka je suka gani a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka yi, har ta kai filin da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa. Aikin yana cin ƙarfi, ba a ɓoye wannan. Kada ka ce za ka gama hekta a shekara ɗaya kai kaɗai. Ka yi layi kaɗan bana, ko ku yi gayya.

6. Burtali ba saura ba ne. Ganin babu shuka a kai ba ya nufin babu mai shi. Tun 1965 aka yi dokar makiyaya a Jihar Arewa, Nijar kuma dokarta ta filayen karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin makiyayi kan hanya da mashaya. Amma kowace shekara mai gonar da ke gefe yakan ƙara kunya biyu, na ɗaya gefen ma ya ƙara, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma ta jaki. Shanun ba su da fiffike. In hanya ta toshe, gona za su bi, daga nan sai ɓarna, sai diyya, sai abin da ba a fata. Rikicin da ke addabar Zamfara da Katsina yana da tushe da yawa, ba wannan kaɗai ba, amma cinye burtali da mashaya yana cikinsu, kuma shi ne wanda ke hannun talaka. Kunya biyun nan ba za su cika maka buhu ba. In iyakar ta ɓace, a kira dagaci da arɗo a sake kafa alama tun da rani, lokacin da rai bai ɓaci ba. Tsohuwar al'adar nan ta gayyatar makiyayi ya zaunar da garkensa a gonarka bayan girbi, ka ba shi hatsi ya bar maka taki, har yanzu ta fi buhun takin zamani araha. Gonakin karkarar Kano da aka daɗe ana nomawa kowace shekara ba hutu, taki da tokar birni da jakuna ke kaiwa ne suka riƙe su.

7. Mai fadama ya san ruwansa a hannun wani yake. Dausayin Haɗeja da Nguru ya isa misali. A da kogin Haɗeja da na Jama'are kan cika su malala kowace damina, a noma shinkafa, a kama kifi, in ruwa ya janye a shuka wake da alkama, shanu su ci ciyawa, ruwan kuma ya nutse ya cika rijiyoyi har nesa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Chalawa a 1992, malalar ta ragu, kuma ruwan da ake saki duk shekara ya sa wasu hanyoyin ba sa bushewa. Kachala ta samu wurin zama, ta toshe su. Sai ga wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, na gaba da shi kuma ko na shayar da dabba babu, ga tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya yana sauka kan hatsi. Magidanci ba shi da iko da madatsa. Abin da ke hannunsa shi ne ya fita gayyar yanke kachala ko da gonarsa ba ta kai ga matsalar ba tukuna, kuma kada ya zuba duk jarinsa a shinkafar wuri ɗaya.

Kada ka noma har bakin gaɓa. Ka bar taku goma ko fiye na ciyawa da itace tsakanin kunyarka ta ƙarshe da kogi, in ba haka ba kogin zai riƙa gutsurar gonar kowace shekara. Mai noman rani da inji kuma ya riƙa auna zurfin ruwan rijiyarsa a rana ɗaya kowace shekara, ya rubuta. In ya ga yana ƙasa shekara uku a jere, lokacin magana da maƙwabta ya yi, tun ba a kai ga sauke inji cikin rami ba. Farin gishiri a saman kunya alama ce ta ban ruwa ya yi yawa kuma ba shi da mafita.

8. In masu tifa suka zo sayen yashi ko burji a gonarka, ka tuna kuɗin sau ɗaya za a ba ka. Ramin da za su bari shi ne bakin kwazazzabo, kuma kwazazzabo baya yake ci, yana hawa tudu, ba ya tsayawa a iyakar wanda ya sayar. Mutanen Gombe sun san yadda yake raba unguwa biyu ya haɗiye gidaje. Tun yana ɗan zirin da yaro ke tsallakewa ake kashe shi: a jera duwatsu ko buhunan ƙasa a gicciye, ba masu tsayi ba, a wurare da dama, a dasa jema a bayansu, a kuma karkatar da ruwan tun daga sama. Zuba masa shara ba ya cike shi, ruwan farko zai kwashe ta ya kai wa na ƙasa.

9. Dutsen zinare kada ya shigo gida. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren. A tsakar gida ake daka dutsen ana niƙawa, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta zauna a ƙasar da jarirai ke rarrafe. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. In ɗanka yana zuwa haƙa, ya yi wanka ya sauya tufa a can kafin ya taɓa yaro, kuma kada a wanke ƙasar ma'adini kusa da rijiya ko tafkin da ake sha.

10. Uwargida, murhun duwatsu uku a fili yana cin itace fiye da kima. A kewaye shi da laka a bar ƙofa ɗaya, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare. Gawayin kaɗanya da ɗorawa kuwa, mai saye ma yana da hannu a sarewar.

11. Ranar rabon gado ake yanke wa fili hukuncin shekara hamsin. Gonar da uba ya noma ita kaɗai za ta zama kashi takwas, kowa ya ja iyaka, ba wanda ya tuna da hanyar da ruwa ke bi, ko kukar da ke tsakiya, ko turbar zuwa rijiya. Kafin a ja igiya, magada su yarda a fitar da waɗannan a bar su na kowa, a faɗa gaban malamin da ke rabon da mai gari, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Kason mata ma a nuna shi a ƙasa da iyakarsa, kada ya tsaya a baki, don gonar da ba a san mai ita ba babu mai dasa mata itace. Haka in za ka ba da aro ko jingina ko haya, a faɗi shekara nawa, kuma a faɗi cewa ba a sare itace. Wanda bai san ko zai noma wuri baɗi ba, ba zai kai masa taki ba.

In gari ya iso gonarka kuma masu yanka fuloti sun fara sallama, ka sani a Najeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, wanda ke da takarda shi ya fi samun abin kamawa in an zo karɓa ko biyan diyya. Ka nemi taka tun da wuri, a ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ƙasa. A Nijar kuma wurin kwamitin filaye na gari ko na gunduma. In sayarwar ta zama dole, ka sayar da tudu ka riƙe kwari, don kwarin zai ba ka lambu, mai saye kuwa gida zai gina a ciki. Kuma kafin ka sa hannu ka nemi a nuna maka taswirar yankan, ka ga inda aka bar wa lambatu da titi. In babu su a takarda, ka ce a sake zanawa.